Dawar da Muka Cinye Ranar Uku

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Kakana na wajen uba, wanda yara da manya muke kira Baba Tsoho, ya amsa kira a ƙarshen bazarar bana, a ƙauyenmu da ke yankin Jama'a ta ƙasar Gwarzo, daidai lokacin da kowa ke ɗaga kai gabas yana jiran ruwan shuka. Tsohon malamin gona ne, ya daɗe da yin ritaya. Bai wahalar da kowa da jinya ba. Ya yi alwala, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a samo mota ya cika.

Masu gaisuwa sun zo daga Getso, daga Garo, daga cikin Kabo, wasu ma ban san inda suka san shi ba. Ni ina cikin gida wajen mata, amma zanar da ta raba mu da ƙofar gida ba ta hana jin maganar maza. Wani ya ce shi ya koya masa shuka a layi. Wani ya ce duk shekarun da ya yi yana rabon takin gwamnati, ko goro bai taɓa karɓa ba. Sai wani dattijo mai kaushin murya ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Mutum ne har da rabi, in ka cire zancen nan nasa na 'yan ciki." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki, aka kuma shafa Fatiha.

Ranar sadakar uku aka fitar da tuwon dawa da miyar kuka. Ban taɓa jin an yabi tuwo a gidan mutuwa ba sai ranar. Kwanuka suka dawo kamar an wanke su. Na ji wani yana cewa rabonsa da tuwo mai ƙamshi haka tun yana yaro. Ni ma na ci har na ƙara, kuma ba zan ce bai yi daɗi ba.

Iya, matarsa, tana ɗaki cikin takaba, ni na kai mata nata. Ta yanki loma ɗaya ta kai baki, sai ta tsaya. Ta karkata kwanon wajen hasken ƙofa tana dubawa.

"Wannan dawar daga ina?"

"Cikin buhunan da aka kawo mana, Iya. Ko miyar ce ba gishiri?"

"Je ki dubo min tulunsa."

Na tashi na tafi. A kusurwar ɗakinsa akwai wani babban tulu da yake adana irin dawarsa, gauraye da toka, bakin a liƙe da laka, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka. Bara ƙarfinsa ya ragu, bai noma da yawa ba, wadda ake ci kuma ta ƙare tun da rani. Abin da ke cikin tulun nan shi kaɗai ya rage a gidanmu. Na tarar an fasa lakar. Na zura hannu har kafaɗa, toka kawai na shafo.

Gwaggo ce ta yi, ƙanwarsa, wadda ta zo daga Getso tun ranar rasuwar ta karɓe ragamar madafi. Ko ɓoyewa ba ta yi ba.

"Ni na fasa," in ji ta. "Mutum ya mutu, a yi masa sadaka da dawar kasuwa da ba a san hannun da ta fito ba? Duk duniya me Yaya ya fi so? Abin da mutum ya fi so shi ake bayarwa, shi ke isar masa."

"Gwaggo, iri ne fa."

"Na san iri ne, ai ba yau aka haife ni ba. Iri ba sai a samo wajen mutane ba? Wa Yaya bai ba wa ba a ƙasar nan?"

Na koma ɗaki na faɗa wa Iya. Iya ta ture kwanon ta juya fuska bango, kuma wannan kukan nata ya fi min ciwo a kan na ranar da aka fita da shi.

Wanda bai san Baba Tsoho ba zai ce mene ne abin kuka a 'yar dawar da ba ta cika buhu ba. To bari in faɗi ko wane ne shi.

Da ƙuruciyarsa shi ne mai babur ɗin nan da ke zagaya ƙauyuka yana lallashin mutane su karɓi takin zamani, lokacin da tsofaffi ke cewa gishirin Bature ne, zai ƙone musu gona. Ya sha kora, ya sha zagi, daga baya ya ci nasara, nasarar ma har ta yi yawa. Gab da ritayarsa aka tura shi wani kwas. A can wani malami ya ɗauko karan dawa mai lafiya, ya wanke bayansa tas da magani, ya yanka, ya ɗiga ruwan cikinsa a kan gilashi, ya ce a leƙa ta madubin nan mai ƙara girman abu. Labarin nan na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum da tsayuwa yake ba da shi.

"Suna motsi, Sarkin Musu! Ba a bayan kara ba, a ciki! Na ce Malam, wannan wace cuta ce? Ya ce ba cuta ba ce, 'yan gida ne. Wasu suna taya ta jawo abinci, wasu suna taya ta haƙuri da ƙishi, wasu suna tare mata ciwo. Wasunsu ma a cikin ƙwayar iri suke zama, in ta tsiro su tashi tare. Shekara da shekaru ina koya wa mutane noma, ashe ko masu gidan ban taɓa gaisarwa ba."

Sarkin Musu sunan da ya raɗa min ke nan, don tun ina ƙarama ba na barin magana ta wuce ban taɓa ta ba. Na ce masa, "To Baba Tsoho, tunda suna da yawa haka, su yi maka noman mana ka huta." Ya ce, "Ai suna yi. Ke ce dai sai ci sai gardama."

Tun daga nan ya sa wa waɗannan ƙananan halittu suna 'yan ciki, ya kuma koma wa dawar mahaifinsa, wata doguwa mai sunkuyar da kai, ƙwayarta fara da ɗan ja a gindi. Ya ware mata gona ɗaya a bayan gari. Ba feshi, ba takin buhu, sai takin dabbobi da wake a tsakanin kunya. Kowane girbi da kansa yake shiga tun tana tsaye, ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ya yanke, ya ajiye daban. A ganinsa dawar nan da 'yan cikinta da ƙasar wurin sun saba da juna tun zamanin kakanni, in aka raba su ba a san ranar da za su sake haɗuwa ba. Amma ba ya ƙari a magana. Yakan ce, "Ba ni da madubi. Ban ce na gan su a tawa ba. Na dai ga aikinsu."

Abin da ni na gani da idona shi ne ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa, ba ta cika gonarsa kamar yadda take cika na maƙwabta ba. In kuma ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ganyen tasa ne na ƙarshen naɗewa. Ko 'yan ciki ne, ko takin shanu ne, ko duka biyun, ni malamar firamare ce, ban isa in raba wannan gardama ba.

Akwai dai waɗanda yake iya nuna wa mutum. Sau ɗaya a damina yakan tuge gindin wake guda, ya kaɗe ƙasar, ya nuna 'yan gudajin da ke manne a saiwa. Sai ya fasa ɗaya da farce. "Kin ga jan nan? Suna ciki, suna haɗa wa gona taki daga iska. In kika fasa kika ga fari ko kore, sun yi yaji." Saboda su ne ya hana a tuge harawa a gonarsa. Sai dai a yanka da lauje a bar saiwar a ƙasa. 'Yan ƙwadago sun tsani aikin gonar nan, don yana bin bayansu da sanda yana duba ramuka, in ya ga an tuge guda sai ka rantse ɗansa aka mara.

Ba mutum ba ne mai sauƙin zama, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. In ya fara zancen 'yan ciki a wurin ɗaurin aure, sai ka ga mutane suna tuna cewa sun bar akuya a sake. Kyautarsa ma ba ta zuwa sai da wa'azi. Duk wanda ya zo neman iri zai samu, ba ya aunawa, ba ya cewa a dawo masa da shi, amma sai ya zaunar da kai a rana ya karanta maka sharuɗɗa. Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu da 'ya'yanta suka tafi birni suka manta hanya. Shekaru yana shuka mata 'yar gonarta kafin ya taɓa tasa, kuma ita ma bai ƙyale ta ba, tana zaune a gindin kuka yana yi mata bayanin saiwar wake, ita kuwa kurma ce.

Babban faɗansa da Baffa ya yi shi, ɗansa na fari, yayan mahaifina. Baffa manomin masara ne, kuma tsakani da Allah masararsa ce ta riƙe gidan nan shekaru da yawa. Wata shekara ya ga gara da tsuntsu suna tone wa tsohon shuka, sai tausayi ya kama shi, ya sayo jan maganin nan da ake shafa wa iri, ya zuba a ƙwaryar da aka ɗebo don shukar gobe, ya cuɗa. Ina wurin lokacin da Baba Tsoho ya ga ƙwaryar ta yi ja. Ya juyo wajen Baffa.

"Ka shiga gidan mutane ka yi musu feshi? Maganin nan ya san na kirki da na banza ne?"

"Baba, taimakonka na yi."

"Wa ya aike ka?"

Nan Baffa ya fusata, abin da bai saba ba a gaban mahaifinsa. "Baba, ka yi haƙuri, amma masarata ce ke ciyar da gidan nan, ba 'yan cikinka ba. Kuma buhun nan da kake ƙi, wa ya koya mana shi?"

Baba Tsoho ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ce, "Ni na koya muku. Ban kuma ce ku bari ba. So nake ranar da buhu ya fi ƙarfinku, ku tarar na bar muku abin da za ku koma wa." Ya ɗauki ƙwaryar ya je ya binne abin da ke ciki a bayan gari. Daminar nan kaf, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ranar da yake faɗa kuwa ta zo, kowa ya san yadda kuɗin taki ya koma. Gonakin masara sun saba da buhu, in ba a ba su ba sai su yi rawaya su tsaya. Bana Baffa ya duba aljihunsa ya ga ko rabin gonarsa ba zai iya ciyarwa ba. Makonni kaɗan kafin rasuwar ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin tsohon, ya ce in an yarda yana so ya shuka dawar a rabin da ya rage, a kuma koya masa yadda ake bi da ita. Iya ta ce ranar Baba Tsoho ya ci abinci kamar saurayi. Ya ce wa Baffa ya bari ruwa ya sauka su fasa tulun tare. Tulun da aka fasa ke nan aka yi mana tuwo.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya ɗauke ni a babur muka shiga neman iri, don ni na fi kowa sanin waɗanda suka sha wa'azin. Gwaggo ta yi gaskiya, ba wanda bai ba wa ba. Sai dai karɓa daban, riƙewa daban. Wannan ya ce ta cika daɗewa a gona, ya koma wa gajera mai saurin nuna. Wancan ya ce ƙwari sun cinye ta a rumbu. Wani ya shiga ɗaki da murna ya fito mana da wata dawa da ko kama ba su yi ba. Tsohuwar bayan gidanmu ta riga shi rasuwa, gonarta an yi bulo a kai. Duk gidan da muka shiga sai an sake yi mana gaisuwa, an ba mu ruwa, an yabe shi, mu fito hannu biyu.

Zuciyarmu duk tana kan amininsa na Garo, wani dattijo da kakanninsa makiyaya ne, wanda shanunsa ke kwana a gonar Baba Tsoho kowane rani. Shi kam mun san ya shuka ta, mun sha ganinta a gonarsa. Muka same shi a gindin darbejiya. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi Iya da haƙuri, aka tambayi shanu. Da Baffa ya faɗi abin da ya kawo mu, sai tsohon ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa.

"Na riƙe ta, Allah Ya sani na riƙe ta. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya ƙare, jikoki suna kuka, na buɗe ƙwaryar iri na ba wa mata. Na ce baɗi in je in roƙo wani. Kunya ta hana ni."

"Tsohonmu bai sani ba, Baba?" in ji Baffa.

"Ina fa. Duk sanda muka haɗu a kasuwa sai ya ce, ya 'yan ciki? In ce suna gaishe ka."

Muka kamo hanyar gida. Hadari ya haɗu a gabas, mutane a gonaki suna ta gyara suna murna, ni kuwa ban taɓa jin tsoron ruwa ba sai ranar.

Na ji haushin Gwaggo, kuma har yau bai gama sauka ba. Amma in na zauna sai haushin ya rasa inda zai tsaya. Ita abin da aka koya mata ta yi, ta zaɓo mafi kyau ta bayar saboda ɗan'uwanta. Shi kansa ina jin haushinsa, mutumin da ya san darajar abu haka ya tara shi a tulu ɗaya. Mu kuma da muka yi shekaru muna dariyar 'yan ciki, da wane baki za mu yi magana? Abin da ya fi damuna shi ne ban ma san girman abin da muka rasa ba. Wataƙila dawa ce kawai mai daɗin tuwo. Wataƙila kuma abin da zai riƙe jikokinmu ne muka haɗa da miyar kuka. Wanda zai gaya mana yana ƙasa.

Gwaggo ba ta koma Getso ba. Da ta ji yadda muka dawo, ba ta yi kuka ba, ba ta ba kowa haƙuri ba, ta dai daina cin tuwo. Sai kunu, shi ma da kyar. Matar da muryarta ke kaiwa ƙofar gida ta koma sai an matso ake jin ta.

Ruwa ya sauka. Kowa ya fita shuka, Baffa ya shuka masarar da zai iya, gonar bayan gari kuma aka bar ta haka nan. Bayan 'yan kwanaki, da safe, muka ji Gwaggo tana ƙwala wa yara kira su kama awaki. Muka tarar da ita durƙushe a bayan madafi, inda ta bakace tokar ranar sadaka. Wasu ƙwayoyi sun zube a wurin, kaji ba su gan su ba, ƙafafun mata sun tattake su cikin ƙasa. Ga su sun tsiro, 'yan tsiraru, ba su fi a rufe da faifai biyu ba.

Na buɗe baki, Baffa ya harare ni na rufe. Shi ma ya san abin da zan ce. A daidai wurin nan aka bakace dawar kasuwa buhu-buhu duk kwanakin makoki, kuma tsiron dawa duk kamarsu ɗaya. Ba mai iya cewa wannan ta tulu ce, wannan ta buhu ce, sai ranar da ta fitar da kai.

Gwaggo ta kewaye su da ƙaya da hannunta, har ta soke ta. Da suka yi ƙwari, Baffa ya haƙo su da ƙasarsu a cikin daro, ya kai gonar bayan gari ya dasa, ya shuka wake a tsakani. Tun ranar kullum da safe sai ta dogara sanda ta tafi, ta zauna a bakin kunya tana korar dabbobi. Ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan.

Ranar Asabar da ta wuce na kai mata kunu can. Ta kamo hannuna ta ɗora a kan wani ganye.

"Ke da kika yi boko, duba min. Suna ciki?"

"Gwaggo, ba a ganinsu da ido. Shi ma bai taɓa ganin na tasa ba."

"To ita ce? Dawar ce?"

"Sai ta fitar da kai."

Ta ci gaba da shafa ganyen. Idanunta sun daɗe da yin yana, ko fuskata sai na matso take ganewa.

"Ni ko ta fitar ba zan bambance ba," in ji ta. "Ke za ki gani. In ita ce, ki zo da gudu ki gaya min. In ba ita ba ce, ki ce min ita ce. Kin ji ko?"

Allah Ya jiƙan Baba Tsoho, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya kai masa ladan tuwon nan cikakke kamar yadda ƙanwarsa ta yi niyya. Ya ba Iya haƙuri, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Dawar ta kai gwiwa yanzu. Gwaggo tana jiran amsata, ni kuma duk surutuna ban iya ce mata to ba, ban iya ce mata a'a ba.